Keken da Na Ƙwato a Huanshi

Jama'a, yau na yi nasara a rigima, amma kunya ce ta rako ni masauki!

Da safe na ari keken maƙwabcina Alhaji Sani, na tafi gidan motsa jiki a titin Huanshi, nan ƙasar Caina. Ina fitowa sai na tarar an ɗaure keke da sarƙa! Tsohuwar da ke gadin kekuna ta miƙo min takarda, wai tarar yuwan ashirin, ban yanki tikiti ba.

Na ce, "Haba Mama, ai mu masu katin gidan motsa jiki kyauta ne." Ta girgiza kai. Ban ɗaga murya ba, na kirawo mai wurin. Suka yi ta yarensu kusan rabin awa. Ƙarshe ta kwance sarƙar tana ƙunƙuni.

Na zura makulli a kwaɗon keken, ya ƙi juyawa! Sai ga wani ɗan Caina ya iso, ya buɗe da nasa, ya yi min godiya har da rusunawa, ya hau ya tafi.

Keken Alhaji kuwa yana can gaba kaɗan, baƙi irin wancan sak, ba wanda ya taɓa shi. Har na sha kwana ina jiyo dariyar tsohuwar nan!