Simintin Kawu Na-Ƙarfe

Kawuna, wanda 'yan gareji ke kira Na-Ƙarfe, da wankin lagireto, tankin nan mai sanyaya ruwan inji, ya fara sana'a, ya ƙare da haɗa motocin gudu. Yakan sayi tsohuwar mota, ya ɗaura wa injinta turbo, abin nan mai ɗura wa inji iska har ƙarfinsa ya ninka, sannan ya koma gefe ya jira ya ga abin da zai fashe. Yawanci bulok ne, wato gangar jikin injin da fistin ke kai da komo a cikinta. Shagona na ɗinki yana kallon garejinsa, kuma da yake ba na katse wa mutum magana, ni ya zaɓa ya riƙa yi wa karatu. Har yau ban iya canza taya ba, amma zancen bulok ko makanike sai ya saurara mini.

"Na alminiyam ɗan gayu ne, Tela," in ji shi. "Ba nauyi, ba ya riƙe zafi, amma ka matsa masa iska sai silinda ta kama rawa kamar gwiwar tsoho. Na baƙin ƙarfe kuwa jaki ne. Ga nauyi, ga muni, ga haƙuri. Ni ke nan."

Amininsa Dogo, wanda ba ya taɓa komai sai alminiyam, yakan nuna tulin fasassun bulok da ke bayan garejin. "Haƙurin ne ya kwantar da waɗancan?"

"Waɗancan ba mutuwar Allah suka yi ba, ni na kashe su."

Abu ɗaya ne ba ya iya mayarwa wasa. Suna sabon aure, wata motarsa ta huda bulok a tsakiyar titi, baƙin mai ya feso ta ƙarƙashi ya wanke wa matarsa Inna sabon zani. Tun ranar Inna ba ta sake shiga motar da ya haɗa ba. Yara sun girma, wasu sun yi aure, tana nan a kan bakanta. A ƙofar garejinsa take tare tasi, har ta ɗaga masa hannu.

"Kowa ya san ni da mota ban da mai ɗakina," yakan ce, ya yi 'yar dariyar da ba ta kai ciki ba.

Da ƙanwarta ta koma sabon gida a can ƙetaren gada, sai Inna ta ce masa, tana ninke kaya, "In ka tabbata wannan ba za ta yi mini wanka ba, kai za ka kai ni ranar Asabar."

Kawu ya rikice. Ya sauke injin jar motarsa, ya zaɓo bulok ɗin baƙin ƙarfe mafi kauri a rumbunsa, duk da haka hankalinsa bai kwanta ba. Sai ya dama siminti, ya zuba a hanyoyin da ruwan sanyaya inji ke bi ya zagaye silinda, wato ramin fistin, kamar yadda masu gajeren tsere ke yi don kada bangon ya motsa.

Dogo ya leƙa ya ce, "Inji kake haɗawa ko gini? Ruwan ta ina zai bi?"

"Na bar masa 'yar hanya a sama. Tafiyar ba nisa."

Ranar Asabar aka sa ni a baya, na rungumi kwandon tsaraba. A buɗaɗɗen titi motar ta yi gurnani ta miƙe, bayanmu ya manne da kujera. Inna ta damƙe ƙofa, can kuma na ga gefen bakinta ya motsa. Kawu ya kalle ni ta madubi kamar yaron da ya ci jarrabawa.

A gindin gada muka tarar da cunkoso. Mota ba gaba ba baya, allurar zafi ta fara hawa. Kawu ya lallaɓa ya kunna na'urar ɗumama ciki don ta janye wa injin zafi. Iska mai ƙuna ta buso mana ƙafafu.

"Malam, gasa ni ka zo yi?" in ji Inna.

"Rana ce, Maman yara. Yau ta fito da fushi."

Bai rufe baki ba tururi ya turnuƙe gaban motar. Ya kashe ta, ya fita, ya ɗaga bonet da gefen rigarsa, ya daɗe yana leƙe. Ya dawo taga fuskarsa na tsiyaya.

"Bulok lafiya lau! Ko tsaga babu!"

"Madalla. Ni ce dai na dahu."

Ya jingina da ƙofa, murya ƙasa ƙasa. "Mai wankin lagireto ya toshe wa ruwa hanya da hannunsa. Tela, in Dogo ya ji wannan, a bakinka ne."

Hanya ta fara buɗewa, na baya suna ta danna mana oda. Wata tasi ta tsaya daidai mu, direban ya gane Inna. "Mama, ke ce a nan? Shigo mu je!"

Kawu ya juya yana goge madubin da ba datti. Inna ta dubi tasin, ta dubi ƙeyarsa da gumi ya jiƙe.

"Jeka abinka, ɗana, Allah ya ba da sa'a," ta ce. Ta tattara mayafinta, ta tsallaka zuwa kujerar direba, ta kama sitiyari da hannu biyu. "Wanne ne birkin?"

Kawu ya nuna mata. Na ajiye kwandon na fito, muka koma bayan motar muka kafa kafaɗa muna turawa. Gadar tana da hawa, baƙin ƙarfe da siminti kuwa ba sa tausayin ƙugu. Muna tsakiyar hawan ya ce, yana haki amma haƙoransa duk a waje, "Da na alminiyam ne, Tela, da tuni mun haye."

Inna ta leƙo ta taga. "Surutun me kuke yi a nan? Ku ƙara wuta, ana jira na!"