Taki a Gindin Uwar Lemu

A bayan tashar mota, inda kwalta ta ƙare, akwai wata mata da kowa ke kira Mai Dashe. Sana'arta ke nan tun tana budurwa: ta raini ƙananan itatuwa a baƙar leda, ta yanko ido, wato gurbin da toho ke fitowa, daga babbar bishiya ta ɗaura musu da zaren leda, abin da masu lambu ke kira aure. Duk lemun da ta taɓa sayarwa ɗan bishiya ɗaya ne, wadda ke tsaye a tsakar gidanta. Lemu ne marar ƙwallo, ba a shuka shi, sai dai a yanko. Daga lambun mahaifinta ta kawo shi, lambun kuwa yanzu shaguna ne. In wannan ta mutu, iri ya ƙare.

Kafin ta sa aska, takan karyi kan reshe ta tauna. Ruwan jikin bishiya mai lafiya, in ji ta, ɗaci gare shi mai kauri, mai riƙe harshe.

Shekarar da ta tafi jinyar 'yarta, ganyen uwar lemun ya ɗan yi rawaya. Mijinta, tsohon direba, ya dubi bishiyar da idon da ya saba duban mota: abin da ya yi sanyi, mai yake so. Ya kinkimo buhun takin zamani, farin nan mai kama da sukari, ya juye shi kaf a gindinta, ya bi da ruwa.

Ta dawo ta tarar bishiyar ta yi kore har ta yi duhu. Toho ya fito ko'ina, dogaye, masu taushi kamar yatsun jariri.

"Tsohuwa, kin ga aikin maza?" in ji mijin. "Kin bar mini majinyaciya, na mayar miki da amarya."

Ba ta ko ajiye jaka ba. Ta karyi toho ta tauna. Salam, ruwa-ruwa, da ɗan gishiri a ƙarshe.

"Malam, me ka ba ta?"

"Abinci mana."

"Hannu nawa?"

"Wane hannu? Buhun."

Ta nemi bokiti ta kife, ta zauna.

Saiwa ba ta san ƙoshi ba. Abin da ta sha, sama take aikawa, ya bi jijiya har ganye na ƙarshe, ya sauya ruwan jikin bishiyar. Ƙananan ƙwari suka ji labari suka manne a tohon suna tsotso, tururuwa na bin su a layi. Ganye ya yi danƙo, ya yi baƙi. Can kuma bakinsa ya fara ƙonewa kamar an gifta da wuta. Duk idon da ta yanko ta ɗaura, in ta kwance ledar sai ta same shi ya ruɓe.

Suka kwashe ƙasar gindin da fartanya, suka sako tiyo, ruwa ya wuni yana wanke saiwa. Ta daina cin abinci a ɗaki. Tana zaune a inuwar da ke raguwa, ko ganye ɗaya ya faɗo sai gabanta ya faɗi tare da shi. Mijin ya daina barkwanci, sai janyo tiyo.

"Ki zage ni mana, ko na ji sauƙi," ya ce wata safiya.

"Ba ni da ƙarfin zagi. Matsa, ka taka mini saiwa."

Gefen bishiyar na yamma ya bushe gaba ɗaya. Amma a ƙasa, ta wajen bango, akwai wani tsohon reshe mai taurin kai da bai yi sabon toho ba. Daga shi ta yanko idanun ƙarshe, ta ɗaura, ta jera dashen a bayan ɗaki.

Ranar kwancewa ta kai hannu bakin ledar, sai ta janye.

"Malam, zo ka kankare mini da farce. A hankali. Ba taya ba ce."

Idon farko baƙi, ya mutu. Na biyu ma. Ta juya wa sauran baya, tana jin ƙarar leda kawai.

"Tsohuwa," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa, "idona ba kyau. Wannan kore ne, ko so nake ya zama kore?"

Ta juyo, ta durƙusa, ta daɗe tana dubawa.

"Kore ne. Cire hannunka."