Ruwan Kula da Injin Kawu Isuhu

Wata Juma'a ce cikin watan Disamba, ina 'yar aji huɗu, shekarata tara. Rana ba ta gama fitowa ba muka isa duwatsun bakin teku da ke bayan tsohuwar kasuwar kifi ta Deira a birnin Dubai, ni da Baba da abokinsa Kawu Isuhu. Kawu ya ajiye kular ƙanƙara a gindin wani dutse, ya miƙo hannu ko dubana bai yi ba, ni kuma na ɗora masa injin naɗe igiyar fatsa, a naɗe cikin tsohon ɗankwalin Umma kamar kullum. Ya kwance shi, ya ɗaura a jikin sanda, ya kama hannun injin zai juya. Hannu ya ƙi motsi. Ya ƙara ƙarfi kaɗan, sai muka ji ƙas, wani farin gari ya zubo daga ƙarƙashin ƙwarƙwaron. Baba ya ce, "Lafiya, Malam Isuhu?" Kawu ya duƙa kan injin. Ya lakato garin da yatsa ya kai bakinsa, sannan ya juyo ya dube ni. Ni ce mai wanke injin nan, kuma mu uku duk mun san haka.

A unguwar Naif na tashi, a hawa na uku na wani tsohon bene da 'yan kasuwa suka cika. Baba mutumin Kano ne, takalma da jakunkuna yake saye yana turawa gida, saboda haka rabin falonmu kwalaye ne. Ba mu da tsakar gida. Barandar da ke tsakanin ƙofofi ita ce filin wasanmu, nan 'yan matan benen suke zana gidan 'yar gala-gala da alli, mai gadi yana gogewa, su sake zanawa. Aikina a gida shi ne shanya a kan rufi, da tsince shinkafa, da liƙa wa kwalaye lamba, don Baba ya ce rubutuna ba ya karkacewa. Ba ni da surutu. Idan baƙi suka shigo, bayan kwalaye nake shigewa da littafina har sai sun tafi.

Kawu Isuhu ba ɗan'uwanmu ba ne, a masallaci suka haɗu da Baba. Mutumin Gaya ne ta ƙasar Nijar, a bakin kogi aka haife shi, gidansu masunta ne. Yana aikin ɗaukar kaya a wani sito can Dubai Investments Park, su shida a ɗaki ɗaya, kowa da gadonsa da akwatinsa ke nan. Duk abin da ya mallaka mai daraja a wurinsa shi ne sandar nan da injinta, waɗanda wani abokin aikinsa ya bar masa da zai koma ƙasarsu. Da yake ba shi da wurin ajiya, a gidanmu sandar da injin suke kwana. Ranar Alhamis da yamma zai shigo mota ya zo Deira, ranar Juma'a da asuba su fita da Baba, su dawo kafin kiran farko na sallar Juma'a. Baba bai iya komai ba a harkar, Kawu yakan ce Bakano in ya ga ruwa lissafin kwantena nawa zai ɗauka kawai yake yi.

Umma ba ta so bin su da nake yi ba. Ta ce 'ya mace ba ta da abin yi a kan duwatsu cikin ƙartin maza da ƙarnin kifi. Baba ne ya lallashe ta, ya ce yarinyar nan in ba a fitar da ita ba kwali za ta zama. Umma ta yarda bisa sharaɗi ɗaya, ranar da aka samu matsala ko ta ƙwayar zarra ce, fita ta ƙare. Shi ya sa na riƙe dokokin Kawu kamar karatun allo, har na rubuta su a bayan littafin lissafina. Ba a hawa dutse da silifas. Dutsen da ya yi kore ba a taka shi, gansakuka ce, ta fi sabulu santsi. Kafin ka wurga fatsa sai ka waiga, don ƙugiya ba ta san kunnen mutum ba. Ba a ba teku baya. Akwai kuma wani kifi da Larabawa ke kira safi, ɗan ƙarami mai ƙayoyi a gadon baya, wanda in ya soke ka sai hannu ya kumbura har yamma. Kawu da filaya yake cire masa ƙugiya, yana cewa, "Wannan ƙanen ƙurungu ne, dusma-dusma ake bi da shi," wato a hankali, kamar yadda suke bi da ƙurungu, kifin kogi mai ƙaya.

A shekarar ce na samo wani littafi a ɗakin karatun makarantarmu, mai hotunan mutanen ƙasashen sanyi suna kamun kifi a kan tafkin da ya daskare. Sun huda ƙanƙara, sun zauna a kan bokiti, sun zura igiya cikin rami. Na karanta shi har na kusa haddacewa: yadda ake auna kaurin ƙanƙara kafin a taka, yadda ba a tafiya mutum ɗaya, yadda ake riƙe igiya mai tsawo saboda wanda ya rufta, da yadda in mutum ya faɗa ake jawo shi a kwance, ba a tsaye ba. Na kai wa Kawu ya gani. Ya daɗe yana duban hoton, sannan ya fashe da dariya ya ce, "Malama, waɗannan sun huta. Mu muna ɗaukar kula a ka, su a bisa kular suke zaune." Tun daga ranar yake kirana Malama. A cikin littafin nan ne kuma na karanta cewa ƙanƙara in ta narke ruwan daɗi take komawa, na ja layi a ƙarƙashin maganar da fensir.

Wankin inji shi ne aikin da Kawu ya fi tsanantawa a kai. Ya ce a Gaya mutum zai jefar da kayan kamun kifinsa a cikin kwalekwale shekara guda ba abin da zai same su, amma ruwan teku yana cin ƙarfe yadda gara ke cin itace, kuma shi kansa sai da ya yi asarar ƙugiyoyi da yawa kafin ya gane. Da mun dawo, sai in kunna famfo siriri, in ɗauraye injin ba tare da na tsoma shi ba, in goge, in bar shi ya sha iska, in ɗiga masa man keken ɗinkin Umma a wurare uku da ya nuna mini. Mako biyu kafin waccan Juma'ar, mun yi kamu mai yawa, kula ta cika. Da muka dawo gida sai muka tarar ana wanke tankin benenmu, famfo ba ko ɗigo. Ruwan sha ya rage kaɗan a jarka, Umma ta ware shi don girki, ni kuma kunya ta hana ni tambaya. Sai na tuna da layin da na ja a littafi. Na buɗe 'yar hudar da ke gindin kula, na tari ruwan ƙanƙarar da ta narke, na tace shi sau biyu da ƙyalle har ya yi garau, na wanke injin da shi tas, har na ƙara masa wanki na biyu don ya fi kyau. Na naɗe shi na sa a leda na ɗaure. Makon da ya biyo ba mu fita ba, Baba yana lodin kaya.

Abin da ban sani ba shi ne, ranar da kifi ya yi yawa Kawu yakan ɗebo ruwan teku mai gishiri bokiti guda ya zuba a kan ƙanƙarar, don sanyin ya ratsa kowane kifi. Ya yi hakan ne lokacin da muka tafi sayo shayi ni da Baba.

A kan duwatsun, Kawu ya tsuguna har fuskarsa ta zo daidai da tawa. Ya ce, "Ɗiyata, da wane ruwa kinka wanke shi?" Ina iya cewa na famfo, ba wanda zai tuna da wankin tankin nan, a ce inji ne ya tsufa. Na san kuma in maganar ta kai kunnen Umma, na yi sallama da teku. Na ce masa na kula ne, na kuma kawo masa hujjar littafi. Baba ya fara faɗa, Kawu ya ɗaga masa hannu. Tambaya ɗaya ya ƙara yi mini: "Kin ɗanɗana ruwan?" Na girgiza kai. Ya ce littafin bai yi ƙarya ba, amma mai littafin bai ga kularsa ba. A ranar nan, da igiyar hannu Kawu ya yi kamu, irin na Gaya, ya naɗe zaren layilon a jikin gwangwani.

Ni da bakina na gaya wa Umma. Ta ce to, magana ta ƙare, ba sauran fita. Ban yi kuka ba, na dai roƙi a bar mini injin. Bayan sallar Juma'a Kawu ya zauna a ƙofar falo, na shimfiɗa farin ƙyalle a kan tire, muka kwance shi. Hannunsa manya ne, ƙananan sukurorin suna kuɓuce masa, sai ya miƙo mini sukundireba. Duk abin da na cire sai na zana shi a takarda na sa masa lamba, na jera daga hagu zuwa dama. Guda talatin da ɗaya ne, har yau ina tunawa. Na jiƙa su a kananzir, na dirje da tsohon buroshin haƙori. Bai gyaru a ranar ba. Wani ɗan boris, wanda ke sa hannun injin juyawa sumul, ya ci tsatsa har ya mutu, sai da Baba ya yi kwana huɗu yana zaga shagunan Deira da shi a aljihu kafin ya sami irinsa. Ranar Alhamis na haɗa injin ni kaɗai, ina bin zanena daga ƙarshe zuwa farko, Umma tana ɗinki a gefe tana satar kallona. Da Kawu ya zo ya juya hannun, ya tafi sumul, sai dai wani ɗan ƙas da yake yi a kowane zagaye. Ya ce, "Hajiya, a wurin aikinmu akwai ƙarti ɗari, babu mai iya wannan. In kinka hana ta, ni kinka hana." Da asuba na tarar da takalmina mai igiya a bakin ƙofa, an cusa safa a ciki.

Yanzu ina shekarar ƙarshe a jami'a, ina karatun injiniya. Kasuwar kifin ta tashi daga inda take, duwatsun da muke zama an gyara wurin, ba a kamu sai da takardar izini, hutun mako ma ya bar Juma'a. Kawu Isuhu ya koma Gaya da gwiwarsa ta fara ciwo. Da zai tafi ya bar mini injin, ya ce kogi bai san shi ba, igiyar hannu ta ishe shi. Yana nan a kan teburina kusa da littattafai, cikin ɗankwalin Umma da ya koɗe. Na iya cire masa ƙas ɗin nan tuntuni, na san ɗan haƙorin ƙarfen da ya lanƙwashe a cikinsa. Amma ban gyara shi ba. Wani lokaci in karatu ya yi tsawo nakan ɗauke shi in juya hannun a hankali, don kawai in ji.