Salisu, Wanda Ya Hana Shafinsa Girma

Shekara shida ke nan da rasuwar ɗana Salisu, na uku a ɗakina. Ni ban taɓa zama a aji ba, ko sunana aka rubuta ba zan gane shi ba, amma magana kam ba wanda ya koya mini. Matarsa Hajara, malamar firamare a nan Gwaram, ita ke rubuta wannan ina faɗa, kuma na ja mata kunne kada ta gyara mini harshe.

Salisu yana da shafi a intanet, abin da suke ce wa bulog. Ba ya sa labarin gwamna, ba ya sa na 'yan fim. Abin da yake rubutawa shi ne an yi ruwa a Basirka, tsutsa ta faɗa wa masara a Farin Dutse, wane ya aurar da 'ya, wance ta riga mu gidan gaskiya. Masu karantawa 'ya'yanmu ne da neman abinci ya watsa su Legas da Fatakwal da Abuja, waɗanda in sun ga hadari a can, gonar gida suke tunawa.

Doka ɗaya yake da ita. Ya ce duk wanda ya rubuta ko kalma guda a ƙarƙashin rubutunsa, sallama ya yi, amsa kuwa ta zama dole. Kuma ba amsar a rabu ba: sai ya tambayi ɗan gidan wa ne, yaya ƙafar tsohonsa, an samu haihuwar da ake jira? Wannan a wurina ya tsotsa, ba na ɓoyewa. Na yi shekaru ina ba wa mata labari a gidajen biki, amma da zarar taro ya yi yawan da ba na ganin idon ta ƙarshe, sai in ja bakina in yi shiru.

Wata rana wani mai shayi a Legas, Malam Buba, ya rubuta cewa ya yi ta kiran mahaifiyarsa a Farin Dutse ba ta ɗauka. Salisu bai taɓa ganin mutumin nan ba. Da safe ya hau babur ana yayyafi, ya tarar da tsohuwa kwance da zazzaɓi, wayar kuma ta faɗa randa. Ya kai ta asibiti, ya dawo mini da taɓo har gwiwa yana neman kunu. To mutum nawa za ka yi wa haka in sun zama tururuwa?

Ga shi kuma ba a ɗaure shi. In damina ta kankama sai ya rubuta ya tafi gona, shafi ya yi tsit sai an gama noma. Wasu su gaji su tafi. Ko a jikinsa.

Wanda abin ya fi ci wa rai shi ne Alhaji Mamuda mai bas-bas, abokinsa tun suna sakandare a Birnin Kudu, lokacin da aka yanke mu daga Kano. Ya zo ya same shi a tsakar gidana ina ɓarar gyaɗa, ya ce zai buɗe masa ofis a Kano, ya ɗauki samari masu amsa wa mutane, a riƙa sa labari safe da rana, rani da damina.

"Kai Salisu," in ji shi, "har yaushe za ka yi ta hira da mutanen da ko tashata ba za su cika ba?"

"Alhaji, a fasinjojinka na jiya, faɗa mini sunan mutum ɗaya."

"Ina ruwana da sunansu, in sun hau sun sauka lafiya?"

"To ni ina da ruwa da nawa. Kuma ran da na ga dama in kashe waya, ba na son in nemi izinin kowa."

Alhaji ya juyo ya ce, "Inna, ki yi masa faɗa mana." Na ce gyaɗa nake ɓara.

Ba zan ce abin bai ci mana komai ba. Hajara ta yi kukanta a ɗaki, na ji ta. Ɗakin da Salisu ya fara ginawa yana nan har yau ba rufi, ƙadangaru ke shan rana a kai. Da ciwon hanta ya kwantar da shi, akwai ranakun da na ce a raina, da yana Kano wataƙila da an gano da wuri. Allah ne masani. Na gaji da juya wannan tunanin, ba ya kai ni ko'ina.

Yanzu nakan zauna a ƙofar gida in ga yara da manya kowa ya kafa waya a gabansa yana ihu, yana rawa, yana zagin wanda bai sani ba. Hajara ta ce akwai mai mabiyan da suka fi mutanen Gwaram da Birnin Kudu a haɗe. Na ce to wa yake gaisarwa a cikinsu? Da Salisu na nan ba na jin zai yi faɗa. Zai yi murmushin nan nasa mai ban haushi, ya ɗauki fartanya.

Watan jiya Alhaji Mamuda ya dawo, ya tsufa, ciwon sikari ya rage shi. Ya ce ɗansa yana da kamfani a Kano, a ba su shafin su raya shi, sunan Salisu na nan a sama ba za a taɓa ba, marayu kuma su samu abin karatu. Hajara ta ce sai abin da na ce. Na dubi jikokina, na san ba ƙarya yake ba, kuma ba mugunta ta kawo shi ba. Wallahi saura kaɗan in ce a ɗauka in huta.

Sai na tambaye shi, "Wa zai riƙa amsa wa mutane?"

"Ai yanzu akwai na'ura, Inna. Ita ke amsawa, ko mutum ba a buƙata."

"Da sunan Salisu?"

"Da sunansa mana."

Na ce ashe ɗana yana kabari, ƙarfe zai riƙa tambayar Malam Buba lafiyar uwarsa da bakinsa. Na ce ban yarda ba.

Ya ce, "To shafin zai mutu, Inna." Na ce mai shi ma ya mutu. Na ɗauka fushi zai yi. Can sai ya ce, "Shekarar da motata ta ƙone a hanyar Kano, kowa motar yake mini jaje. Salisu kaɗai ya tambaye ni yaya direban." Ya sa takalmansa ya fita, bai sake tayar da maganar ba.

Shafin yana raguwa, na sani. Wasu sun rasu, wasu sun koma inda ake ihu. 'Yan kaɗan da suka rage su ke amsa wa junansu, in an yi ruwan fari wani ya sanar, wani ya ce Allah Ya sa albarka. Wata rana su ma za su yi shiru, ni kuma ina hanya. Karatun yara, Hajara na fama, Allah bai hana mu ba.

Allah Ya jiƙan Salisu, Ya haskaka makwancinsa. Ya rayu bai zama yaron kowa ba, kuma ba ni zan miƙa shi aikatau ba bayan ya kwanta.