Ranar da Bubu Miliakere Ta Taɓa Kan Baƙo

Duk baƙon da ya sauka Suva, babban birninmu, wajen Ministan Harkokin Waje, hannun Bubu Miliakere ne ke ɗaura masa sarƙar furanni a wuya. Bubu muke ce mata, wato kaka, har masu furfura irina. Ni direba ne a ma'aikatar, ni ke ɗauko ta daga gida da kwandonta.

Tana budurwa ta fara, lokacin da Turawa suka tafi, ma'aikatar ba ta wuce 'yan ɗakuna ba, shugaban gwamnati ne ma ke riƙe da muƙamin da kansa. Daga baya aka ware kujerar. Ministoci suka yi ta zuwa suna wucewa, wani zaɓe ya kawo shi, wani sojoji suka kore shi, ita tana nan tana kitsa furanni. In ka tambaye ta aikin minista sai ta ce, "Gaisuwa da ban haƙuri. Sai yawon jirgi."

Abin alfaharinta ɗaya ne. A wurinmu kan mutum abu ne mai alfarma, ko na ɗan ƙaninka ba ka dafawa. Sarƙarmu kuwa ta baya ake ɗaura ta, a ƙeya, gab da wurin haɗari. Shekara da shekaru yatsanta bai taɓa gogar gashin kowa ba.

Sai ga wani minista daga wata ƙasa mai sanyi, dogo, mai sanƙo. Bubu ta zagaya bayansa, ta yi ɗage. Shi kuma bawan Allah, don ya taimaka mata, sai ya durƙusa ya turo kai baya. Tafin hannunta ya sauka ɗaram a tsakiyar sanƙon. Mu duka muka ɗauke numfashi. Baƙo ya yi murmushi, aka wuce ciki.

Na ɗauke ta a mota zuwa gida. Wallahi ta ba ni tausayi. Da muka isa ta ce, "Inoke, kada ka zo gobe. Hannun da ya yi wannan ba ya sake ɗaura wa kowa fure, sai an yafe masa."

Washegari duk da haka na je. Na tarar ta yi shigar coci, ta rungumo damin saiwar yangona, wadda muke dakawa mu dama mu sha, muke kuma kai wa wanda muka saɓa wa. Ta ce in kai ta ofishin Minista.

Ministanmu na lokacin ɗan tsibirin da ke wasan taubasantaka da ƙauyen su Bubu ne, don haka ba ta jin nauyinsa ko kaɗan.

"Tashi, ɗan masu cin ɗanyen kifi," in ji ta muna shiga ofishinsa. "Raka ni ban haƙuri."

"Haba Bubu! Mutumin nan bai ma san an yi wani abu ba. Yarjejeniyar sukari ce a gabanmu."

"Shi bai sani ba, ni na sani. Mai laifi ba ya magana da bakinsa, sai da wakili. Ɗiyar ƙasa ta yi wa baƙo laifi, wa ke zuwa? Ko kujerar ta shan iska ce?"

Minista ya dube ni, na dubi silin. Ya yi dariya ya ɗauki kwat ɗinsa.

A masaukin baƙon muka shimfiɗa tabarma. Ministanmu ya zauna a ƙasa, ya riƙe saiwar da hannu biyu, ya yi jawabin neman gafara tiryan-tiryan kamar yadda ake yi a ƙauye. Bubu na bayansa, kai a sunkuye. Sannan ya fassara wa baƙon.

Baƙon ya shafa sanƙonsa. Ya sauko daga kujera da ƙyar, ya naɗe dogayen ƙafafunsa a tabarma.

"Ni na ɗauka albarka ta sa mini," in ji shi. "Har na buga wa matata waya na faɗa mata. Rabon da wani ya dafa kaina haka, tun mahaifiyata na da rai."

Ministanmu ya juya mata maganar, ya kuma ce wa baƙon ai sai ya karɓi saiwar kafin magana ta mutu. Baƙo ya karɓa, aka koya masa tafin hannu irin na al'adarmu, ya yi shi a karkace. Aka dama yangona a ƙoƙon kwakwa, ya shanye ya yamutsa fuska, Bubu ta tuntsire da dariya tana share hawaye.

A hanyar komawa ta leƙo daga kujerar baya ta ce, "Inoke, biya kasuwa, furen gobe bai isa ba." Sannan ta zunguri Minista a kafaɗa, nesa da kai.

"Kai kuma, ashe kana da amfani."