Fiton da Baba Bai Ji Ba

Babana kafinta ne, amma in ka kai masa gyaran ƙofa ko kujera sai ya kalle ka kamar ka yi ɓatan hanya. Shekara talatin da 'yan kai akwatin lasifikar masu kaɗa jita kawai yake haɗawa, har sunansa ya ɓace, kowa Mai Akwati yake ce masa. Shagonsa ɗaki ɗaya ne a bakin titi, tsakanin mai gyaran fanka da mai wanki da guga. Benci ɗaya, injin yanka katako, sai wani tsohon bokiti mai cin lita goma da ko Mama ba ta isa ta ara ba.

Da bokitin nan yake awo. In ya haɗa akwati, kafin ya rufe, sai ya cika shi da garin katako yana ƙirga bokiti, don ya san yawan iskar da cikin zai ɗauka. Yakan ce lasifika ma ɗaki take so daidai ita: in ya yi mata kaɗan ta shaƙe, in ya yi yawa ta yi ta ɓaɓatu ba kan gado. Bayan nan sai ya huda rami a gaba, ya zura bututun roba, wai ta nan akwati ke numfashi. Tsawon bututun kuwa kunnensa ne ke yanke hukunci. Mai jita ya zauna yana taɓa tsirkiya mafi kauri, Baba yana rage bututun da zarto kaɗan-kaɗan, har ya ɗaga hannu ya ce, "Tsaya. Ta zauna."

Ni ce autarsa, kuma duk gidan ni na gado bakinsa, shi ya sa ba ma rabuwa da gardama. Na yi aure, na haihu biyu, har yau in na shiga shagon sai ya ce in ɗaga ƙafa kada in taka masa ƙusa.

To, ƙarar injin yanka katakon nan ta cinye masa kunne a hankali. A gida mun daɗe da sani. Waya za ta yi ta kuka a aljihunsa yana zaune abinsa. Mama ta kira shi sau uku, ya ce ai ita ce muryarta ta koma ta sauro. Sauti mai kauri yana jinsa sarai, siririn ne ya tafi. Ba wanda ya taɓa faɗa masa, don mun san in ka raba Baba da kunnensa ba abin da ya rage a shagon sai bokiti.

Ana nan Kawu Dogo ya kawo aiki. Abokinsa ne tun suna samari, jita mai tsirkiya huɗu yake kaɗawa, kuma duk akwatin da ya taɓa hawa dandali da shi Baba ne ya yi. Wannan karon ƙarami yake so, wai bayansa ya daina ɗaukar kaya. Ƙaramin akwati kuwa ba wurin babban rami, sai Baba ya sa siririn bututu.

Ranar gwaji na kai masa abincin rana, na tarar Kawu Dogo ya jona jita. Ya taɓa tsirkiyar, sautin ya fito da nauyi har benci na rawa. Amma a kansa akwai wani fito, fiii, iska ce ke matsewa a bakin ramin. Duk sanda ya taɓa sai ya fito. Mai gyaran fanka ma sai da ya leƙo. Baba kuwa yana tsaye hannu a ƙugu, bakinsa har kunne.

"Ka ji ta, mutumina?" in ji Baba. "Ƙarama ce, amma ta fi uwarta murya."

Kawu Dogo ya kalle ni, ya kalli ƙasa. "Ta yi, Mai Akwati. Hannunka na nan yadda na san shi."

Na bi shi waje yana ɗaure akwatin a bayan babur.

"Kawu, ba ka ji fiton nan ba?"

"Na ji, Auta. Rage murya."

"To me ya sa ka ce ta yi?"

"Akwai wani a layin baya, da kwamfuta yake aunawa, zai gyara min. Wannan ne zai zama na uku da aka kai masa a bana. Duk mun yi shawara, ba mai faɗa wa babanki. Ke ma ki rufa masa asiri."

Wallahi raina ya ɓaci. Wato 'yan jita sun haɗa baki suna lallaɓa ubana kamar mara lafiya, suna yi masa madalla, su zagaya a gyara aikinsa a bayan idonsa. Na san ƙauna ce ta sa su. Amma irin wannan ƙaunar, shekara ɗaya ta isa ta mayar da shi abin tausayi a layin, shi kaɗai bai sani ba. Na kwance igiyar da kaina, na rungumi akwatin na mayar ciki.

"Lafiya?" in ji Baba.

"Baba, akwatin nan yana fito."

"Yana me?"

Na ɗaga murya. "Fito yake yi! Ramin ya matse iska. Kowa yana ji, kai ne ba ka ji."

Na zaci zai yi faɗa, na ma shirya. Bai yi ba. Ya kalli Kawu Dogo da ke tsaye a bakin ƙofa, shi kuwa ya kasa ɗago kai. Baba ya jona wayar jitar da kansa, ya ce a taɓa. Ya durƙusa ya kara kunnen dama a ramin, ya juya na hagu. Ya daɗe a haka. Ina ganin iskar tana kaɗa furfurar gefen kansa, fiton yana cika shagon, fuskarsa ba ta nuna ya ji komai ba. Tausayinsa ya kama ni har na yi da-na-sanin buɗe bakina.

"Tun yaushe?" ya tambaya, bai kalli kowa ba.

"Tun farkon shekara," in ji Kawu Dogo.

Baba ya miƙe da ƙyar. Ya zare bututun, ya ɗauko wani mai faɗi, ya yanke shi da tsawo, don in rami ya ƙara faɗi dole bututu ya ƙara tsawo, in ba haka ba nauyin sautin ya gudu. Wannan lissafin yana nan a kansa daram. Ya faɗaɗa ramin da magagari, ya goge bakinsa ya yi sumul, ya zura sabon.

Sannan ya jawo kujerarsa, wadda ba mai zama a kai sai shi, ya ajiye a gaban akwatin.

"Zauna nan, Auta," ya ce. "Dogo, taɓa. Ke kuma in fiton ya daina, ki ɗaga min hannu. Kada ki faɗa da baki, ba lallai in ji ba."