Tulun Mushe Ilyasu na kan hanyar Djado

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina buɗe garejina da safen nan Inna Hadiza ta kira ni, ta ce Mushe Ilyasu, mijinta, ya faɗi a ƙofar gida bayan sallar asuba. Kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Jijiyar jini ce ta fashe a ƙwaƙwalwa.

Ku yi haƙuri da rubutun.

Duk wanda ya yi koleji a unguwarmu ya san shi, shi ya koya mana SVT, darasin ilimin halittu; Mushe muke ce wa malamin boko. Ni ne daƙiƙin bencin baya, shi ya sa kullum ni yake ɗorawa kan tebur ya ƙwanƙwasa mini gwiwa da cokalin shayi. Ƙafata ta yi tsalle, aji ya fashe da dariya, ya ce: "Kun gani? Lakar bayan Sani ta ba da amsa, ƙwaƙwalwarsa ko tashi daga barci ba ta yi ba."

Yakan ce jiki na da 'yan aike iri biyu. Jijiya kamar kuran take, wutar lantarkin Tchirozérine, kana taɓa makunni fitila ta kama. Hormone kuwa motar Djado ce, cikin jini take bi a hankali, amma in ba ta iso ba mutum na iya mutuwa yana jira.

Sai daga baya na gane ba misali kawai yake yi ba. Ɗansa Habibu, abokina tun muna lakwal, makarantar firamare, ciwon sukari gare shi tun yana ƙarami. Jikinsa ba ya yin insulin, da allura yake rayuwa. Da Habibu ya nace sai ya je haƙar zinariya Djado, Mushe ya yi faɗa har ya gaji, sannan ya koma aika masa maganin. Zafi na lalata insulin, don haka a ƙaramin tulun ƙasa yake sa kwalaben, cikin jiƙaƙƙen yashi, ya naɗe da buhu, ya roƙi direba ya riƙa yayyafa ruwa a hanya.

Jiya da la'asar ya biyo ta gareji rungume da tulun. Motar ta ɗage tafiya zuwa yau. Na miƙa masa shayi, kofin ya suɓuce daga hannunsa na hagu.

Na ce: "Mushe, tansiyo ce, jininka ne ya hau. Hau moto mu tai asibiti yanzu."

Ya kalli hannun, ya ce: "Na san mi ne ne, ɗana, ni na koya muku shi. Amma maganin da ke wajen Habibu ya kusa ƙarewa. Bari tulu ya hau mota tukuna."

Na yi magiya har na ɗaga masa murya. Ya yi murmushi ya tafi. Wallahi haushinsa nake ji, kuma kuka nake.

Da na isa gidan, tulun na gindin bishiya, buhun sharkaf. Ya jiƙa shi kafin ya fita masallaci.

Mun kai Mushe makwancinsa. Daga maƙabarta na wuce tasha, na danƙa tulun hannun direba, motar ta tashi.

Ga abin da ya hana ni zama. Habibu bai sani ba, babu rezo inda yake, waya ba ta shiga. Na san halinsa, yana ji zai faɗa motar farko ya kamo hanyar Agadez, su yi saɓani da maganinsa a tsakiyar hamadar Tenere, inda babu likita babu kowa.

Don Allah, 'yan Djado da za su ga wannan, ku nemo Habibu ɗan Mushe. In ya riga ya ji, ku riƙe shi, ko da zai zage ku. Ku ce Sani ya ce an riga an rufe Baba, ba abin da zai tarar, kuma aiken Baba na ƙarshe na hanya, ya tsaya ya karɓa.

Allah ya jiƙan Mushe Ilyasu, ya yafe masa, ya sanyaya kabarinsa. Ku sa shi a addu'a, ku roƙa mana Allah ya kai tulun nan da sanyinsa, ya tarar da Habibu yana nan.